Ba inji ne ke raba cuta a ɗakin wankin ƙoda ba

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwanan nan aka ba ni riƙon sashen wankin ƙoda. Cikin wata biyu majinyata uku masu kateta a wuya, wato robar da ake sakawa a jijiya don haɗa su da inji, sun yi zazzaɓi da rawar sanyi suna kan inji. Sannan wani da ya zo mana ba shi da ciwon hanta, yanzu gwaji ya nuna yana ɗauke da nau'in C. Shugabanni sun ce a sayi inji ɗaya a ware wa masu ciwon hanta. Shin hakan zai magance matsalar? In ba haka ba, ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da aiki, Allah ya taya ki riƙo. Bari in fara da abin da shugabanninki ba za su ji daɗinsa ba: injin da za a saya ba zai hana kowa kamuwa da ciwon hanta na C ba, kuma ba zai sauke zazzaɓin mai kateta ko ɗaya ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Ki tuna yadda injin yake aiki. Jinin majinyaci yana bin robobi ya shiga matata, wadda wasu ke kira ƙodar roba, ya dawo jikinsa, kuma robobin da matatar nasa ne shi kaɗai. Ruwan wanki yana ɗaya gefen tantanin matatar, sau ɗaya yake wucewa ya tafi magudana. Ƙwayar ciwon hanta ta fi girman ramukan tantanin nan matuƙar bai yage ba. Ke nan jini ba shi da ƙofar shiga cikin inji, in ban da wuri guda: ɗan matacin da ke tsakanin robar jini da ma'aunin matsi na injin. Idan ya jiƙe da jini a canza shi nan take, a duba gefen da ke fuskantar inji. In jinin ya ratsa, injin ya huta sai mai gyara ya buɗe ya tsabtace cikinsa kafin a ɗora wani mutum. Ban da wannan, abin da ke ɗaukar cuta bayan injin ne da kewayensa: maɓallai, allo, hannun kujera, ma'aunin hawan jini, almakashi, naɗin filasta, da safar hannun da ta taɓa su duka.

Shi ya sa Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙa'idojinta na 2001, da ƙungiyar KDIGO mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda, a 2018 da kuma 2022, duk suka ce ba a ware wa mai C inji. Haka ma mai ƙanjamau. Ni a ganina ma warewar tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Ma'aikaci zai riƙa ganin hatsari yana can kusurwa wajen "injin masu hanta", sai ya saki jiki a sauran kujerun, alhali wanda ya kamu makon jiya, gwajinsa bai nuna ba tukuna, yana zaune a tsakiyar ɗaki.

Nau'in B kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan nake so ki gyara wa shugabanninki magana, su daina haɗa B da C a suna ɗaya. Ƙwayar B tana da matuƙar yawa a jinin mai ɗauke da ita, kuma tana iya kwana bakwai ko fiye da ranta a kan teburi ko maɓalli, ko da ido bai ga ɗigon jini ba. An sha wuya kafin a gane haka. Tsakanin 1969 da 1970 cutar ta ɓarke a sashen ƙoda a birnin Edinbara, ta kashe majinyata har da ma'aikata, kuma irin wannan ɓarkewa ce ta haifar da rahoton Rosenheim na 1972 a Birtaniya, wanda ya kafa tsarin gwaji da warewa. Har yau tsarin ke nan: mai B yana da ɗakinsa, injinsa, kayansa, kuma nas ɗin da ke kula da shi ba ta taɓa majinyacin da ba shi da garkuwa a wannan zagayen, wato rukunin majinyatan da ake ɗorawa kan inji lokaci guda. Matatarsa ba a sake amfani da ita. To in kuna da masu B kuma ba su da injinsu, a sayi injin domin su. Amma wanda ya ɗauki mai C ya kai shi ɗakin masu B don duk "hanta" ce, ya ƙara masa cuta ta biyu da hannunsa.

B tana da allurar rigakafi, C ba ta da ita. Mai ciwon ƙoda garkuwarsa ba ta amsa allura kamar ta mai lafiya, don haka ninki ake ba shi, maikurogiram 40, kuma a wani nau'in allurar sau huɗu ne: ranar farko, bayan wata 1, wata 2, da wata 6. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe a auna garkuwar. In ta kai 10 ta kama, sai a riƙa sake aunawa duk shekara, a ƙara allura idan ta sauka. Wanda bai da garkuwa a gwada shi B duk wata. C kuwa duk wata shida ga kowa, da gwajin ALT na hanta duk wata. Ma'aikatanki ma ki duba katinsu, har masu shara.

Yanzu mutumin da ya kamu. Kamuwar mutum ɗaya a cikin sashe ba tsautsayi ba ne da za a ce Allah ya kiyaye gaba a wuce, ƙararrawa ce. A gwada kowa yanzu, kuma da gwajin da ke neman ita ƙwayar a jini, domin gwajin garkuwa yakan yi makonni kafin ya nuna. Ki buɗe rajistar watanni shida da suka wuce: wa ke zama kujerarsa kafin shi, wa ke gefensa, wace nas ce ta haɗa su a zagaye ɗaya? Ki tambaye shi ko an yi masa ƙarin jini, ko ya yi wanki a wani wuri. Sannan a yi masa magani, shi da duk mai C da ke sashen. Magungunan sha na yanzu, cikin mako 8 zuwa 12, suna warkar da fiye da kashi 90 cikin ɗari, har masu wankin ƙoda. Duk wanda ya warke, tushen yaɗuwa ɗaya ya bar ɗakin.

In kin bi sawun, wurare biyu ne ya fi kai mutum. Na farko teburin haɗa allura. Kwalbar hefarin (maganin hana jini daskarewa) ɗaya da ake zuƙa wa mutane da yawa, ledar ruwan gishiri ɗaya da ake cika sirinji daga cikinta duk safiya, keken magani da ake turawa daga kujera zuwa kujera, auduga da filasta a aljihun riga. Sau ɗaya allurar da ta taɓa layin wani ta koma cikin kwalba ya isa. A 1999 a jihar Kolorado ta Amurka, majinyata sun kamu da cutar jini saboda ana tattara ragowar allurar ƙarin jini ta irituropoyetin daga kwalabe masu amfani sau ɗaya ana haɗawa, don tsimi. Tsimin ya zama asara. A haɗa allura a ɗaki ko kusurwa mai tsabta, nesa da kujeru da wurin ajiye kwalaben jini, a kai wa kowa tasa ita kaɗai. Abin da ya je kujera ba ya dawowa teburi: ko a zubar, ko a bar wa mai kujerar, ko a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Na biyu, kuma wanda na fi so ki tsaya a kansa, lokacin sauyin zagaye. Ki tsaya gefe wata rana ki yi kallo kawai, kada ki sa hannu. Na farko yana danne da wurin allurarsa yana jiran jini ya tsaya. Na biyu yana bakin ƙofa tun ɗazu, ya gaji, ɗan rakiyarsa yana ƙorafi. Nas tana cire robobi masu jini a kujera ta uku sai injin kujera ta huɗu ya yi ƙara, ta miƙa hannu da safar nan ta danna maɓallin shiru ta dawo. Bayan minti biyu abokiyar aikinta ta danna maɓallin nan, ta je ta kama bakin katetar wani. Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu, babu ma wanda ya lura. Haka C take tafiya, haka ƙwayoyin da ke shiga jini suke tafiya.

Safar hannu tana kare mai sanye da ita, amma majinyaci ba ta kare shi sai in sabuwa ce. Kujera ɗaya, safa ɗaya. An cire, a goge hannu da sinadari mai alkohol na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a wanke da ruwa da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60 idan hannun ya ɓaci ko majinyacin yana gudawa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2009. Wannan ba zai yiwu ba in sai an ratsa ɗaki kafin a kai ga kwalbar, don haka kowace kujera da tata. Kuma ba a fara goge kujera da inji sai mai ita ya tashi ya bar wurin, ba a kawo kayan na gaba sai wurin ya bushe. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, awo 1 cikin ruwa 100 don gogewar yau da kullum, 1 cikin 10 idan jini ya zuba da yawa, kuma a haɗa sabo kullum. A bar shi ya bushe da kansa. Wanda ya bi da busasshen tsumma ya share aikin da ya yi. Duk wannan lokaci yake ci. In jadawalinku bai bar tazara tsakanin zagaye da zagaye ba, ko nas ɗaya na riƙe da kujerun da suka fi ƙarfinta, babu yawan horo da zai gyara. Ba na ɗora wa ma'aikaci laifin abin da jadawali ya tilasta masa.

Sai masu kateta, su ukun nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kateta tsaga ce da ta tashi daga fata ta dire a bakin zuciya, dare da rana. Cututtuka masu yaɗuwa su ne na biyu wajen kashe masu wankin ƙoda, bayan ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Rahoton da CDC ta fitar a 2023 ya nuna cewa a Amurka, tsakanin 2017 da 2020, manya masu wankin ƙoda sun ninka waɗanda ba sa yi sau 100 wajen kamuwa da ƙwayar stafilokokus a jini, kuma mai kateta ya ninka mai fistula, wato wanda aka haɗa wa jijiyoyi biyu a hannu don wanki, wajen sau shida. Ƙwayar tana shiga ta hanya biyu: ta bakin katetar duk lokacin da aka buɗe, ko ta bi fata daga inda robar ta fito. In ta shiga takan yi wani yauƙi ta manne a cikin robar, inda magani ba ya kai mata sosai. Ana kunna famfo sai jini ya kwaso ta, shi ya sa rawar sanyin takan zo bayan an ɗora mutum ba da daɗewa ba.

Buɗe kateta aiki ne da ake yi da natsuwa. Nas da majinyaci duk su rufe baki da hanci, ya juya fuskarsa gefe. Hannu mai tsabta, sabuwar safa, a tabbatar maƙallin a rufe yake kafin a cire murfi. A dirje bakin da kulohekzidin (ruwan gogewa mai kashe ƙwayoyin cuta) ko alkohol mai ƙarfin kashi 70, dirza ta gaske har cikin zaren murfin inda busasshen jini ke maƙalewa, a bar shi ya bushe, kada ya taɓa zanen gado ko fata, a haɗa ba tare da ɓata lokaci ba. Haka a wajen cirewa, da sababbin murafe. Wurin fitar robar a duba shi kowane zuwa: ja, kumburi, ruwa, mugunya. A goge da kulohekzidin mai alkohol wanda ƙarfinsa ya wuce kashi 0.5, a shafa man fobidon ayodin idan robar irin wadda ke jure shi ce, a rufe da busasshen bandeji. Ki gaya wa majinyaci kada ruwan wanka ya taɓa wurin, kada ya buɗe a gida, kuma in an kwantar da shi a wani sashe kada ya yarda a ɗebi jini ko a sa ruwa ta nan don an rasa jijiya. Ki ba shi izini, da bakinki, ya tambayi kowane ma'aikaci ko ya wanke hannu, har ke.

Duk da haka, katetar da ba ta kawo cuta ita ce wadda aka cire. Ta wucin gadi, marar zoben da ke kama nama a ƙarƙashin fata, bai kamata ta wuce mako biyu ba, ta cinya kuwa ta fi kowace saurin ɓaci. Wanda zai daɗe yana wanki hanyarsa fistula ce. (Ba yoyon fitsari nake nufi ba, sai na faɗa domin majinyata kan firgita da jin sunan.) Haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayar da shi ne a hannu, aikin da likitoci Brescia da Cimino suka bayyana a 1966, kuma takan ɗauki mako shida zuwa 'yan watanni kafin ta nuna. Saboda wannan jiran, ranar da aka sa wa mutum kateta ita ce ranar da ya kamata a rubuta masa takardar ganin likitan tiyata. Kafin nan a killace jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi sosai, kada a yi ta huda su. Mai fistula ma ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya zauna, a riƙa sauya wurin huda. Huda rami ɗaya kullum ya fi jawo cuta.

Idan zazzaɓi ya zo, a ɗebi jini kashi biyu don shuka, wato gwajin gano ko wace ƙwaya ce, a ɗakin gwaje-gwaje kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba bayansa ba. In sakamako ya nuna stafilokokus oriyos, ko sudomonas, ko kandida, katetar fita za ta yi, ba a lallashinta. Stafilokokus da aka yi wa rabin magani yakan koma ya zauna a bawul ɗin zuciya ko ƙashin baya, bayan makonni mutum ya dawo da ciwon baya da ba a gane kansa ba. In kuma shukar ba ta fitar da komai ba, a sake duba maganin, kada a bar mutum a kan bankomaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, don an saba. Ƙwayar stafilokokus ta farko da aka samu a Amurka mai bijire wa bankomaisin gaba ɗaya, a 2002 a jihar Mishigan, a jikin mai wankin ƙoda aka same ta.

Akwai tambaya ɗaya da za ta raba miki hanya: su ukun a rana ɗaya suka yi rawar sanyi, ko a warwatse? Akwai mai fistula da ya yi? In a warwatse ne kuma duk masu kateta ne, kateta ce. In mutane da yawa ne a zagaye ɗaya har da masu fistula, ki nufi ɗakin ruwa. Inji yana tura ruwan wanki mililita 500 a minti, wato lita 120 a zama ɗaya na awa huɗu, lita 360 a mako mai zama uku, kuma tantani ne kawai tsakaninsa da jini. Ma'aunin ingancin ruwan wanki na duniya, ISO 23500, ya ce ƙwayoyin cuta a ruwan kada su kai 100 a mililita, a tashi tsaye tun sun kai 50, gubar da ke fita daga jikinsu kada ta kai 0.25, kulorin kuma kada ya wuce miligiram 0.1 a lita. Kulorin a auna shi kafin kowane zagaye, domin in tankin gawayi mai tace shi ya gaji, kulorin yakan wuce ya fasa jajayen ƙwayoyin jini. Shukar ruwa duk wata, daga ƙarshen bututu ba daga bakin matatar ruwa kaɗai ba, kuma duk wani reshen bututu da ruwa ke kwana a ciki a yanke shi. A 1996 a garin Karuwaru na Birazil, ruwan tafki mai gubar gansakuka ya ratsa matatar ruwan da ba a kula da ita ba, sama da majinyata 50 suka rasu da lalacewar hanta.

In kuna da masu wankin ciki, wato waɗanda ake zuba wa ruwan wanki a cikin ciki ta roba maimakon inji, nasu hatsarin kumburin tantanin ciki ne, kuma yawanci daga taɓa bakin roba yake lokacin sauya leda. Idan ruwan ya fito a gurɓace, ko da babu ciwo, ranar za a zo asibiti da ledar.

Abin da zai riƙe duk wannan shi ne ƙidaya. Ki buɗe littafi: duk wanda jininsa ya fitar da ƙwaya, duk wanda aka fara wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, duk mugunya a wurin kateta ko fistula, da irin hanyar da ake yi masa wanki. Ƙarshen wata ki raba da yawan majinyata, ki fitar da adadi cikin kowane 100, na masu kateta daban, ki manna a inda ma'aikata ke shan iska. Duk wata wani ya tsaya ya ƙirga wanke hannu, duk wata uku a kalli yadda kowa ke buɗe kateta, a faɗa masa abin da aka gani a keɓe, ba a gaban majinyata ba. Cibiyoyi 17 da suka bi irin wannan tsari tare da CDC daga 2009 sun rage cutar jini da kashi 32 cikin ɗari, wadda ke da alaƙa da hanyar wanki kuma da kashi 54, ba tare da sabon inji ba.

Idan kin koma wurin shugabanni, ki je da littafin nan da buƙatunki a madadin injin: tazara tsakanin zagaye, ƙarin hannu a lokacin sauyi, wurin haɗa allura na daban, kulohekzidin da safar da ba sa yankewa, da ranar tiyatar fistula tsayayya. Su ukun nan kuma, ki duba ranar da aka sa wa kowannensu kateta, ki ƙirga kwanakin, ki kai wa likitan tiyata sunayensu a makon nan.